Motar wasa ta karye a hanya, sun aiko min wata ba musu

Jama'ar gida ina gaisuwa daga Detroit. Wani abu ne ya same ni a kan motar wasa, kuma har yanzu ya ƙi fita a raina.

Tun da na zo garin nan sha'awar tsofaffin motocin Amurka ta kama ni, waɗanda aka ƙera daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, masu injin V8 da in aka tayar sai ka ji ƙarar har cikin ƙirjinka, irin su Pontiac GTO da Chevelle SS da Dodge Charger. Tsadar inshora da dokar hayaƙi da matsalar man fetur ta 1973 su suka kashe kasuwarsu, yanzu na gasken sun fi ƙarfin talaka, akwai Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen kai da aka yi gwanjonta dala miliyan 3.5 a 2014. To irinmu sai dai mu tara ƙananan na ƙarfe mu jera a kanta.

Na tara kuɗi na yi odar Dodge Charger Daytona ta 1969 daga wani ƙaramin shago a intanet, girman 1:18, wato in ka jera sha takwas irinta sun kai tsawon ta gasken. Ta gasken guda 503 kacal aka ƙera, don dokar tseren NASCAR ta ce sai an yi 500 na sayarwa kafin a bar ta shiga fili, kuma irinta direban tsere Buddy Baker ya tuƙa ya wuce mil 200 a awa a filin tsere na Talladega a 1970. Abin da ya sa kowa ke son ta shi ne dogon fiffiken nan na baya. Kwali ya iso, ina buɗewa na ga fiffiken ya ɓalle gefe ɗaya. Wallahi gabana ya faɗi, dala ɗari da ɗoriya ce fa, na zauna ina shirya maganganun da zan kare kaina da su don na san abin da za a ce min: kai ka karya, lafiya lau muka sa ta a kwali.

Na tura musu hoto da daddare. Kafin in tafi aiki da safe amsa ta zo, wata mata daga shagon ta ba ni haƙuri, ta ce wata na hanya, karyayyar kuma in riƙe ba sai na dawo da ita ba. Ba rantsuwa, ba kawo shaida, ba a ce in jira oga ya dawo. Na karanta saƙon na sake karantawa ina neman inda tarkon yake, babu. Ta biyun ta zo an naɗe ta da soso ta ko'ina, ƙofofi na buɗewa, bonet na ɗagawa ka ga injin Hemi da wayoyin filogi sirara kamar zare, har bel ɗin kujera sun sa. Ni da na taso ina ganin rasit an rubuta kaya in ya fita ba ya dawowa, abin ya taɓa ni sosai, don matar nan ba ta san ni ba, ba ta san ɗan gidan waye ni ba, ta dai yarda da maganata kawai. Me ya hana ɗan kasuwarmu haka? Na san ribar ba ɗaya ba ce kuma akwai masu sayen da za su cuce shi, amma fa mu ne kullum muke wa'azin amana.

Kar ku ɗauka komai zuma ne a nan. Ƙananan Hot Wheels na 1:64, waɗanda Mattel ta fara a 1968, dala ɗaya da 'yan canji ne a Walmart ko Target, amma je ka nemi mai kyau ka gani. Akwai wasu ƙarti, wasu har da furfura, da suke tsayawa bakin ƙofa tun kafin a buɗe, su kwashe duk masu wuyar samu, musamman Super Treasure Hunt masu tayar roba, su kai kasuwar intanet ta eBay su ninka kuɗin yadda suka ga dama, yaro ya zo da babansa ya tarar da saura. Abin na ƙona min rai. Ga kuma haraji, kuɗin da ka gani a jiki ba shi za ka biya ba, a Michigan sai an ɗora kashi 6 cikin ɗari a wajen biya, kuma ba ciniki, ba mai ce maka albarka, ba mai tambayarka ya gida ya iyali. Ka juya ƙasan motar ma ka ga an rubuta Malaysia ko Thailand.

Amma adana abu kam sun iya. Duk Asabar ta uku a watan Agusta ana fito da na gasken a titin Woodward, tsoho da jikansa a mota ɗaya, ya san shekararta da lambar injinta da wanda ya fara sayenta. A wurin nake tuna Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, da a-kori-kura da ta yi wa ƙauyukanmu dakon hatsi shekara da shekaru. Ina suke yanzu? Mun bar su a rana kaji na ƙwai a ciki, daga ƙarshe 'yan gwangwan sun auna a kilo. Ko yaran da muka taso tare masu ƙera motar kara da ta gwangwani, da tayar silifas da sitiyarin waya, ba wanda ya ajiye ko ɗaya, dukansu ma ake yi wai sun ƙi zuwa aike, alhali a nan irin wannan hannun ake nema.

Dan Allah duk mai tsohuwar 504 a gida ko ta daina tashi kar ya sayar wa masu kilo, a rufe ta da tampol a ɗaga tayoyin daga ƙasa. Ni dai na gano kamfanin Norev na Faransa yana yin ƙaramarta, ita nake tara wa kuɗi yanzu, kuɗin aikowa daga can ne kawai ya ɗan yi min yawa.