Sabuwar ƙota a tsohuwar bindiga: abin da kafaɗata ta gani

Bindigar da nake farauta da ita mai cin harsashin .30-06 ce, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906, daga baya mafarauta suka rungume shi hannu bibbiyu. Harsashi ne da ba ya ba da kunya, amma kuma ba ya jin tausayin kafaɗa. Idan aka harba mai nauyin giram 11.7, yana barin bakin bindiga da gudun mita 820 a daƙiƙa ko kusa da haka, kuma a bindiga mai nauyin kilo 3.6 dukan da ke komowa baya ya kai kimanin jul 27 (jul ma'aunin ƙarfin duka ne). Mutane da yawa daga nan haƙurinsu ke fara ƙarewa.

Ƙotar da ta zo da ita ta katako ce, mai kyan gani ƙwarai, sai dai an sassaƙa ta ne don mai saiti da ƙarafan kan bututu. Ni kuwa da madubin hange nake saiti, wanda ke zama sama da tsakiyar bututu da kusan santimita 4. Kafin idona ya sami madubin sai na ɗaga kai, haɓata ce kawai ke taɓa katako, kunci yana lilo a iska. Ga gindin ƙotar ya sauka ƙasa sosai, don haka ana harbi bakin bindiga ke yin sama, katakon ya kai mini mari a muƙamuƙi. A ƙarshenta kuma wata busasshiyar roba ce mai tauri, wadda ba ta tare komai. A hankali jiki ya koyi tsoro: ido ya runtse, yatsa ya fizgi kunama tun harbin bai tashi ba. Duk maharbin da ya taɓa shiga wannan halin ya san ba bindigar ce ke kuskure ba.

Sabuwar ƙotar da na saya ta faiba ce, da ginshiƙin alminiyam a ciki inda jikin bindigar ke kwanciya. Tana da roba mai taushi a gindi, kaurinta ya kai santimita biyu da rabi, da faya-fayan da ake ƙarawa ko cirewa don daidaita tsawo, da matashin kunci mai hawa da sauka.

Masu talla suna cewa ƙota tana rage dukan baya. Maganar da gyara. Ƙarfin da albarushi ya tura harsashi gaba da shi, da shi yake turo bindiga baya, babu ƙotar da za ta soke wannan. A jikin ƙota, abin da ke rage ƙarfin dukan da gaske shi ne nauyi. Bindigata ta tashi daga kilo 3.4 zuwa 3.9, wanda a lissafi ya sauke dukan da kusan kashi 13 cikin ɗari. Sauran sauƙin da na ji, wanda shi ne mafi yawa, daga inda dukan ke sauka ya fito, da kuma yadda yake sauka. Saman sabuwar ƙotar a miƙe yake, kusan layi ɗaya da bututu, saboda haka bindigar tana dawowa kai tsaye cikin kafaɗa maimakon ta yi tsalle. Robar kuma tana lotsawa, ta ja lokacin dukan, ta baza shi a wuri mai faɗi. Da naushi ne, yanzu ya koma turi.

Tsawon ƙota shi ne abin da na fi ɓata lokaci a kansa, kuma ya cancanta. Ana aunawa daga kunama zuwa ƙarshen robar gindi, yawancin bindigogin da ke fitowa daga masana'anta suna tsayawa a wajen santimita 34. Idan ta yi maka gajarta, babban yatsa zai doki hanci, madubi kuma ya matso gira, alhali ana so a bar tazarar santimita 9 zuwa 10 tsakaninsa da ido. Idan ta yi tsawo, gindin zai maƙale a riga lokacin ɗagawa, ya sauka a kan ƙashin kafaɗa maimakon tsoka. Gwajin da na yi mai sauƙi ne: bindiga babu harsashi, in rufe ido, in ɗaga ta kamar zan yi harbi, in kwantar da kunci, sannan in buɗe. Idan na ga da'irar madubin cikakkiya babu baƙin gefe, ta zauna. Faifai ɗaya na ƙara, na ɗaga matashin kuncin kaɗan. Ranar da na sa riga mai kauri sai in cire faifan.

Haɗawar ba ta zo da sauƙin da aka rubuta a kwali ba. An ce ɗora ka ɗaure kawai, amma ramin da hannun sakata (ƙarfen da ake ja a ɗura harsashi) ke faɗawa ya matse, sai da mai gyaran bindiga ya ɗan goge shi. Shi ne kuma ya duba cewa ƙarfen da ke tokare jikin bindiga da ƙota ya zauna daram a gurbinsa, domin shi ke ɗaukar dukan, ba kusoshin ba. Kusoshin ma da ma'auni ake ɗaure su gwargwadon abin da masu ƙotar suka rubuta, ba da ƙarfin damtse ba. Daga nan ya zura takarda ƙarƙashin bututun, ta wuce sumul har kusa da tushe, alamar babu inda ƙota ke taɓa shi. Wannan ya yi mini daɗi, don tsohon katakon yakan kumbura idan iska ta yi laima, ya danni bututu, harsashi ya sauya wurin faɗuwa. Bayan an gama dole aka sake saita madubi a filin gwaji, aka kuma tabbatar makullin kariya yana aiki yadda ya kamata.

Sabuwar ƙotar tana da nata aibin. Rabin kilon nan da ke taimakon kafaɗa lokacin harbi, shi ne ke cin ta lokacin tafiya, kuma mafarauci ya fi yin tafiya a kan harbi. Idan reshe ya goge ta tana yin wata ƙara mai amo wadda katako ba ya yi. Da sanyin asuba tana da sanyi a kunci. Robar gindin tana kama tufafi. Kyau kuwa, ba a ma haɗa ta da katako, shi ya sa na shafe tsohuwar da mai na adana.

Wanda ƙotarsa ta dace da jikinsa, tauri kawai ke damunsa, ya fara da sauya robar gindi da ɗaura matashin kunci, wataƙila ba sai ya kai ga sayen sabuwa ba. Tawa matsalar a sassaƙar take, roba kaɗai ba za ta gyara ta ba. Yanzu ina iya ganin inda harsashi ya faɗa ta cikin madubi a wasu lokuta, harbina a takardar gwaji ya fi taruwa wuri ɗaya, kuma na daina runtse ido. Abin da ya rage mini shi ne in nemi maɗaurin rataya mai faɗi saboda nauyin.