Gargaɗi kan mai tallar "maganin narkar da ƙari" a waya

Jama'a, akwai wani mutum da bidiyonsa ke yawo a Facebook da TikTok, sanye da farar riga irin ta likitoci, yana tallar wata 'yar kwalba. Wai ita kaɗai tana maganin ciwon kunne, toshewar hanci, dushewar murya, har da ƙarin wuya, "ba tiyata ba allura". Ba labari aka ba ni ba, kawuna ne ya faɗa hannunsa.

Kawu ya fara da toshewar hanci ɓari guda, sai haɓo jefi-jefi. Kunnen wannan ɓangaren ya rage ji, daga baya wani kumburi mai tauri ya fito a gefen wuya, ba ya ko zafi. Muka ɗauka kaluluwa ce. Hoto kawai mutumin ya gani ta WhatsApp, ya yanke hukunci cewa sanyi ne ya daskare. Naira 35,000, a tura tukuna, a aiko da kwalba a mota. Da ta ƙare ya ce ai ciwon ya tsufa a jiki, sai an yi zagaye na biyu, sannan na uku. Wata 5 muna zuba kuɗi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kashedin da yake yi kullum: "Kada ku kai Baba asibiti, daji ba ya son ƙarfe." Da yake maganar nan da ita muka tashi, babu wanda ya musa masa.

Da jini ya ƙi tsayawa muka kai shi asibiti. Aka zura 'yar kyamara ta hanci, aka ɗebi nama aka gwada: sankarar bayan hanci ce. Likita ya ce alamomin nan huɗu su ne sanannun alamominta, kuma tana cikin masu jin gashin na'ura, wato ƙona ƙwayoyin sankara da haske mai ƙarfi, idan an tare ta da wuri. Watannin nan 5 su ne asararmu ta gaske.

Lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar mun neme ta a Greenbook, wato shafin intanet mai jerin magungunan da hukumar ta yi wa rajista, babu ita. Ko da ta gaske ce ma, lambar maganin gargajiya mai harafin L a ƙarshe ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta a jiki.

Iyaye mata, ku ma ku kula, don yana cewa a ɗiga wa yaro mai kunnen mugunya. Kunnen da ya wuce mako 2 yana ruwa, galibi dodon kunne ne ya huje. Duk abin da aka ɗiga ciki yake wucewa, kuma ciwon kan iya kurmantar da yaro ko ya haura ya zama sanƙarau. Haka muryar da ta dushe fiye da mako 3, musamman ga mai shan taba, a kai a duba maƙogwaro. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Da na kira mutumin na faɗa masa sakamakon gwaji, sai ya toshe lambata. Makon jiya na sake ganin fuskarsa, ya canza sunan shafi, kwalbar ma an manna mata sabuwar takarda. Kawu yana kan magani, ku sa shi a addu'a.