Xeon biyu ko Ryzen ɗaya don aikin BOINC?

Malam, ka tambayi wace na'ura za ka saya don aikin BOINC. Ka ɗauki furosesan Ryzen 9 5950X ɗin, ka ƙyale tsohuwar sabar nan (babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) mai furosesan Xeon E5-2670 guda biyu. Dukansu sun ratsa ta hannuna, kuma BOINC ɗin da kake son girkawa, wato manhajar da ke ba da aron ƙarfin kwamfutarka ga binciken kimiyya, shi na gwada su da shi.

A takarda kunnen doki suke yi. Kowane E5-2670 yana da ƙwayar lissafi 8, biyun sun haɗa 16, kowace ƙwaya kuma tana riƙe aiki biyu a lokaci guda, 32 ke nan. Shi ma 5950X haka yake, 16 da 32. Idan ka buɗe BOINC a kowace na'ura, ayyuka 32 za ka gani sun jeru, sai ka ɗauka duk ɗaya ne. Sai dai Xeon ɗin ya fito a 2012, Ryzen kuwa a 2020, kuma shekara takwas a harkar furosesa ba wasa ba ce.

Daren da na gama haɗa Ryzen ɗina, na jona shi da sabar a Einstein@Home, ɗaya daga shirye-shiryen bincike na BOINC, na ba su aiki iri ɗaya, na je na kwanta. Da asuba na leƙa, sai na tarar ya miƙa zubin farko, ya yi nisa a na biyu, ita kuwa sabar tana nan tana fama da na farkonta. Abin da ya fi burge ni ma shirun da ɗakin ya yi bayan na kashe ta. Na daɗe ban ji ƙarar agogon bango ba, ashe fankokinta ne suka danne komai. Kowane Xeon ɗin wat 115 aka rubuta masa, biyu 230. Ryzen 105 ne a rubuce, ko da yake idan aiki ya cika shi yakan kai wajen 140. Na'urar da za ta kwana ta wuni tana lissafi, kuɗin wuta ne zai gaya maka gaskiyarta. Ka dai sani Ryzen ɗin ba ya zuwa da fanka a kwalinsa, kuma sai ka sa masa katin hoto kafin ka ga komai a allo.

Sabar kuwa, ba zan ci haƙƙinta ba, tana ɗaukar RAM mai yawa. Ban da wannan, ba ta ma san AVX2 ba, wato wani rukunin umarnin lissafi na furosesa, wanda wasu ayyukan ke samun saurinsu da shi.

In har ka nace sai ita, kada ka sa mata Windows Home, furosesa ɗaya kawai zai gani, ɗayan ya zauna zaman banza. Ka sa Linux ko Windows Pro. Sannan ka raba RAM daidai a ɓangarorin biyu, domin kowane furosesa da nasa ramukan, idan sai ya tsallaka ya ɗebo daga na ɗan'uwansa, tafiyar takan ja baya.

Wajen auna gudu, kada ka dogara da ɗan gwajin da BOINC ke yi da kansa, ba ya nuna halin aikin gaske. Shi ma matsakaicin makin da BOINC ke nuna maka na aikin da na'ura ta gama yakan ɗauki makonni kafin ya daidaita. Ka zaɓi shiri ɗaya, aiki iri ɗaya, ka ƙirga nawa kowace na'ura ta gama a awa 24. A saituna kuma ka rage kason furosesa zuwa kamar kashi 90 cikin 100, don kwamfutar ta samu ta numfasa idan kana wani abu da ita.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da tsofaffin furosesa. Akwai masu kankare rubutun saman murfin su buga wata lamba, akwai masu cusa maka samfurin gwaji na masana'anta a matsayin na kasuwa. Kafin kuɗi ya bar hannunka, a kunna na'urar a gabanka, ka buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan furosesa, ka duba sunan da adadin ƙwayoyin. In ka ga ES a jikin sunan, samfurin gwaji ne, ka mayar masa da kayansa. Daga nan ka sakar wa na'urar Prime95, manhajar da ke matsa wa furosesa da lissafi, na awa guda kana kallon zafinta. Duk wanda ya ce ba shi da lokacin wannan, ka nemi wani.