Wane soya sos za ki saya don girkin mutanen Kanton?

Duk wadda ta zauna a Guangzhou, birnin da ake kira Kanton a kudancin ƙasar Sin, ta san girkin gida na mutanen Kanton ba na yaji ba ne. Kifi ne a turara, ganye a soya sama-sama, kaza a dafa ta fara fat. Abin da ke ɗaukar girkin nan shi ne soya sos, wanda ake yi da waken suya da alkama da gishiri, a bar shi ya tsumu wata da watanni. Matsayinsa a wurinsu shi ne matsayin daddawa a miyar kuka.

Iri biyu ne a kowane madafi. Akwai mai haske, 生抽 a jikin kwalba, shi ne na ɗanɗano. Akwai mai duhu, 老抽, mai kauri, aikinsa ba wa nama launi. In kwalba ɗaya kuɗinki zai saya, ɗauki mai haske.

Ni dai nawa Pearl River Bridge ne, na can lardin Guangdong, kuma ban ga abin da zai raba ni da shi ba. Gwajinsa turararren kifi. Ki shimfiɗa citta a faranti, ki ɗora kifin, ki turara kamar minti 8 in matsakaici ne. Ki tsiyaye ruwan da ya fito, don a nan ƙarni yake. Ki barbaɗa lawashin albasa da citta yankakku siri-siri, ki zuba man gyaɗa mai zafi har ya yi cuuu, sannan ki zagaya soya sos cokali biyu ta gefen faranti, ba a kan kifin ba. Wannan kwalbar gishirinta daidai ne, ƙamshin wake ke fitowa, kuma ba ta danne zaƙin kifin. Har romon da ya rage yarana ke kwankwaɗawa a kan shinkafa.

Kamfanin Lee Kum Kee sun yi suna ne da miyar kawa, wato oyster sos, tun 1888, ita za ki saya a wurinsu don ganye. Soya sos ɗinsu na kifi ya yi mini zaƙi. Na kamfanin Haitian da ke birnin Foshan yana ko'ina, ba laifi. Kikkoman na Japan ne, ɗanɗanonsa daban.

Amma 'yar'uwa, sunan kamfani ba shi ne damuwata ba, jabu ne. Na taɓa saye a wani shago saboda araha, na yi wa baƙin maigida kifi. Gishiri ne zalla da ƙauri, kamar an jiƙa ƙonannen sukari. Wallahi kunyar ranar ba ta bar ni ba har yau. Da na duba da kyau, murfin an taɓa buɗe shi, takardar kuma a karkace take. A 2004 gidan talabijin na Sin ya fallasa wata masana'anta da ke haɗa sinadarin soya sos da gashin mutum, to kin ga abin ba wasa ba ne.

Saboda haka ki nemi 酿造 a jikin kwalba, ma'anarsa tsumamme ne na gaskiya. Ki nemi layin 氨基酸态氮, wato yawan sinadarin da ake auna ingancin soya sos da shi, ki duba lambar da ke gabansa. A ma'aunin ƙasar Sin, giram 0.8 a mililita 100 shi ne daraja ta ƙoli, 0.7 ta ɗaya, 0.55 ta biyu, 0.4 ta uku. Ƙasa da 0.7 ba na ɗauka. Kayan haɗi su kasance kaɗan, wake a sahun farko. Kada ki sayi wanda aka ɗura a robar ruwa ko nawa aka rage miki. Wasu na girgiza kwalba su duba kumfa; ni ban dogara da wannan ba.

Sai batun halal. In kin ga 酒精 a kayan haɗi, sinadarin giya aka ƙara, ki mayar da kwalbar. Tambarin 清真 shi ne alamar halal, shagunan Musulmi na unguwar Xiaobei da ke Guangzhou ne wurin da nake fara nema, kuma ko a can sai na murɗa murfin a hankali na ji ko hatiminsa na nan kafin in biya.