SSD ɗin lafiyarsa ƙalau, fomat ɗin da aka yi masa a shago ne ya ja mini asara a gidan biki

Sai da na bari zuciyata ta ɗan huce kafin in rubuta wannan, don kada fushi ya sa in ɓata sunan kayan da bai yi mini laifi ba. Magana ce a kan SSD, wato faifan ajiyar fayiloli, mai terabait 1, irin ƙaramin nan na aljihu da ake jonawa da kebul, da kuma aikin shiryawa, wato fomat, sa wa faifai tsarin da zai riƙa ajiye fayiloli da shi, da shagon da na saya suka yi masa, har suka caji kuɗinsa daban. Kun san yadda farashin irinsa ya koma a kasuwa, ba sai na faɗa ba.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da tacewa. A ofis kwamfutar tebur nake amfani da ita mai Windows. Yaron da ke taya ni aiki a wurin biki MacBook yake riƙewa, shi ke kwashe abin da ke katin kyamara idan ya cika. Ga kuma masu biki, da yawansu sai ka je gida ka jona musu a talabijin sun gani da idonsu kafin su biya ciko. Duk wannan na zayyana wa mai shagon, ban rage komai ba, har na gaya masa bidiyo nake ɗauka masu tsawo. Ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ƙaramin aiki ne. Bari yaro ya yi maka fomat ɗin da zai shiga ko'ina." Yaron ya jona, ya buɗe wata manhaja, ya danna, kafin mu gama lissafin kuɗi ya miƙo mini. Ba wanda ya ce mini ga tsarin da aka sa masa.

Da farko kam na yi ta sa musu albarka. Windows ta karanta, Mac ya karanta kuma ya rubuta, tsohuwar talabijin ɗin da ke falonmu ma ta buɗe shi ba gardama. Saurinsa ya ba ni mamaki, don wanda ya saba da tsohon faifai mai juyawa ya san zaman jiran da ake yi. Na kwashe ayyukan da ke hannuna na zuba a ciki, hotuna da gajerun bidiyo da sautuka, komai ya shige. Abokan sana'a biyu ma na tura su shagon.

Ranar da abin ya faru, biki ne na kamu da yamma, dina da daddare, a wuri ɗaya. Katin kyamarata mai gigabait 128 ne, kuma na ɗauki kamun da inganci mai nauyi saboda uwar amarya ta ce tana son 'yan'uwansu da ke waje su ga komai tar. Aka tashi sallar magariba katin ya kusa cika. Na ba yarona ya kwashe a SSD mu goge katin kafin a fara dina, abin da muka saba yi kullum. Ina alwala ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, "Oga, ya ƙi shiga." Na ce wane irin ya ƙi shiga, faifan da ko rabi bai kai ba? Na je na duba da kaina. Ƙananan fayiloli sun wuce, amma duk wani dogon ɗauka, wanda shi ne ainihin kamun, sai Mac ya fito da saƙo cewa fayil ɗin ya fi ƙarfin tsarin da aka yi wa faifan. Muka canja kebul, muka canja rami, muka kashe kwamfutar muka kunna, saƙon dai shi ne. Da na buɗe bayanin faifan na ga an rubuta MS-DOS (FAT32), a nan jikina ya yi sanyi, don na san babu wata dabara da za ta yi aiki a daren.

Ga wanda bai sani ba, FAT32 tsohon tsari ne, tun 1996 Microsoft ta fito da shi, zamanin Windows 95. Ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da kuwa faifan fanko ne. Iyakarsa bait 4,294,967,295, don gurbin da yake rubuta girman fayil a ciki bit 32 ne kawai. Abin da ya sa wasunmu ba su taɓa cin karo da wannan ba shi ne ƙananan katuna, masu gigabait 32 zuwa ƙasa, su ma FAT32 ne, don haka kyamara da kanta take yanka dogon ɗauka gunduwa-gunduwa. Manyan katuna irin SDXC kuwa da wani tsari mai suna exFAT suke zuwa, wanda ba shi da wannan iyaka ta gigabait 4, kuma kyamarata a kansu fayil ɗaya take yi komai tsawonsa. Wato an ɗauki faifan terabait guda, an sa masa tsarin da ba zai karɓi ɗauka guda daga katin da ke cikin kyamarata ba.

Ba halin in yi masa sabon fomat a wurin, domin aikin mutane na ciki kuma fomat share komai yake yi. MacBook ɗin yaron a cike yake, abin da ya iya ɗauka kaɗan ne. Na tura shi a kan babur ya je ya aro kati wurin wani abokin sana'a a wata unguwa, ni kuma na rage ingancin ɗauka na ci gaba da lallaɓa ɗan wurin da ya rage. Katin ya cika ana tsakiyar shigowar ango da abokansa. Kafin yaron ya dawo an gama shigowa, an yi addu'ar buɗe taro, babbar ƙawar amarya ta gama ba da tarihinta. Wannan ɓangaren babu shi a bidiyon bikin, sai abin da na roƙa daga wayoyin mutane na liƙa, kuma duk mai ido zai ga bambanci. Uwar amarya ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Ɗana, ai na ɗauka kun fi haka shiri." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ciko kuma na yafe wani kaso da bakina, don ba ni da fuskar karɓarsa duka.

Na koma shagon da faifan a hannu. Mai shagon ya saurare ni, ba zan yi masa ƙarya ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yallaɓai, kai ka ce kana son ya yi a Mac, ya yi a Windows, ya yi a talabijin. Wanda ke shiga duka ukun nan ba fashi shi ne FAT32." Kuma a wannan yana da gaskiya. NTFS, tsarin da Windows ke amfani da shi tun 1993, Mac yana karanta shi amma ba ya rubutu a kai sai an saka wata manhaja daban. APFS na Apple kuwa Windows ba ta ma san da zamansa ba. exFAT, wanda ya fito a 2006, yana aiki a kwamfutocin biyu, Mac ya fara karɓarsa tun 2010, amma tsofaffin talabijin da yawa ba sa buɗe shi. Da ya yi wannan bayani sai na ji na ɗan sauko. Na ce a raina ƙila dai buƙatata ce ta yi yawa, mutumin nan ya zaɓi abin da yake ganin zai gamsar da ni. Har muka yi musabaha na fito.

Da na koma gida na ɗauko kwalin don in ajiye rasit, sai na karanta 'yar takardar da ke ciki. A rubuce yake ƙarara cewa faifan da exFAT ya fito daga kamfani, a shirye don Windows da Mac. Nan fushin ya dawo sabo, ya ma fi na daren bikin. Ashe da na ɗauke shi a kwalinsa na tafi, da babu abin da zai faru. Kuɗi na biya aka cire tsarin da ya dace da aikina aka sa wanda bai dace ba. Kuma ba a ce kuskuren danna maɓalli ba ne, domin taga ta fomat da ke cikin Windows ba ta ma ba ka zaɓin FAT32 idan faifai ya wuce gigabait 32. Dalilin da ya sa yaron ya buɗe wata manhaja ta daban ke nan, sai da ya kewaye shingen da aka sa kafin ya yi. Mutumin da ya san hanyar kewaye wannan shinge ya san zancen gigabait 4. Na ce musu bidiyo nake ɗauka. Jimla ɗaya ta ishe ni: Yallaɓai, zai shiga talabijin amma ba zai ɗauki babban fayil ba, wanne ka fi so? Da na zaɓa da kaina, kuma da ba talabijin na zaɓa ba.

Gyaran ma bai zo da sauƙi ba. Windows tana da umarnin convert da ke mayar da FAT32 zuwa NTFS ba tare da an goge komai ba, kuma wani ya ba ni shawarar in yi hakan in huta. Amma da na yi, an yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago, don yarona ba zai ƙara iya zuba komai daga MacBook ba. Zuwa exFAT kuwa babu irin wannan gajeriyar hanya. Dole na nemi aron wani faifai, na kwashe komai, na bi manyan ayyukan ɗaya bayan ɗaya na tabbatar suna buɗewa, sannan na yi fomat.

A Windows na yi shi. Na zaɓi exFAT, na bar girman gurbin ajiya a kan kilobait 128, wanda shi ne abin da Windows ke sa wa faifai mai wannan girma. Ga bidiyo ya yi daidai. Amma mai tara dubban ƙananan takardu ya sani cewa fayil ko na kilobait 2 ne sai ya cinye gurbi guda cur, don haka wuri zai riƙa tafiya ba ka gani ba. Na bar alamar fomat na gaggawa, domin cikakken fomat tun daga Windows Vista sifili yake bi yana rubutawa a faifan gaba ɗaya, kuma sabon SSD ba ya buƙatar wannan wahala. Na sa masa suna gajere don in riƙa bambanta shi da na aro. Duka aikin bai kai minti ɗaya ba, abin da aka caje ni kuɗi a kansa ke nan.

Tun da zuciyata ta riga ta yi zargi, sai na ce bari in gwada ko faifan ma na jabu ne, tunda kasuwa ta cika da masu rubuta terabait a jiki alhali cikinsu bai kai ko kusa ba. Kafin in mayar da kayana na sa masa H2testw, manhajar da ke cika faifai da bayanai sannan ta karanto su ta ga ko sun dawo daidai. Ya ci jarrabawar, babu kuskure ko ɗaya. Wanda kuma ya ga Windows ta nuna masa gigabait 931 maimakon 1,000 kada ya tayar da hankali, ba sata ba ce. Kamfani da dubu-dubu yake lissafi, Windows kuma da 1,024, shi ya sa faifan nan guda idan ka jona shi a Mac za ka ga ya nuna terabait 1.

Yanzu fayil mai gigabait 40 yana shiga ba ko tari. Faifan kansa ina yaba shi, kuma zan sake sayen irinsa. Yana ɗan ɗumi idan an daɗe ana kwafa, kebul ɗin da ya zo da shi kuma gajere ne ƙwarai, a kwamfutar tebur sai dai ya riƙa lilo. Abin da nake taka-tsantsan da shi shi ne exFAT ba ya ajiye rajistar abin da yake cikin rubutawa kamar yadda NTFS ke yi, don haka idan NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar kwafa, ko aka fizge kebul, ɓarnar tana iya fin ta NTFS. A ofis ba na jona shi sai kwamfutar tana kan UPS, batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, kuma na hana yarona zare shi sai ya sallame shi daga kwamfutar tukuna. Talabijin ɗin falonmu kuwa ta daina ganinsa, kamar yadda mai shagon ya faɗa. Na sayi ƙaramin filash mai gigabait 32 na bar shi a FAT32, ina fitar wa masu biki kwafi mara nauyi da bai kai gigabait 4 ba, in bikin ya yi tsawo in raba shi kamu daban, dina daban.

Abokan nan biyu da na tura shagon na kira su na ce su duba nasu. Ɗaya bai bari an taɓa nasa ba, yana nan a exFAT ɗinsa. Ɗayan an yi masa irin nawa, kuma ya riga ya zuba aikin wata guda a ciki, yanzu yana neman inda zai sauke. Na sake komawa da takardar kwalin na nuna wa mai shagon, na ce ko kuɗin shiryawar nan a mayar mini. Ya ce aiki an riga an yi shi, yaro ma an ba shi nasa kason, sai dai in na zo sayen wani abu ya yi mini ragi. Na ce masa ya riƙe ragin.