Sharhi kan man tea tree bayan wata biyar ina shafawa

Na sayi ƙaramar kwalbar man tea tree mai mililita 10 saboda matsaloli biyu da suka haɗu mini a ƙafar dama: cin ruwa tsakanin ƙananan yatsu, da kuma farcen babban yatsa wanda ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, gefensa yana marmashewa kamar katakon da gara ta ci. Laifina ne a wani ɓangaren, domin nakan mayar da safa bayan alwala tun ƙafar ba ta bushe ba.

Ana tatsar man ne daga ganyen itaciyar Melaleuca alternifolia ta ƙasar Ostareliya, kuma sinadarin da ke cikinsa mai suna terpinen-4-ol shi ne yake lalata fatar ƙwayar fangas, wato ƙwayar cutar da ke haddasa cin ruwa da irin wannan lalacewar farce. Warinsa mai ƙarfi ne, kusan irin na kafur, har maiɗakina ta ce in riƙa shafawa a tsakar gida.

Da farko na shafa shi zallansa, sai fatar ta yi ja tana raɗaɗi. Da na koma gauraya shi da man kwakwa, safe da dare, cikin mako huɗu ƙaiƙayin ya tsaya, tsagar da ke tsakanin yatsun kuma ta rufe, ko da yake a lokacin na fara goge ƙafa da tawul sosai, saboda haka ba zan ba man dukkan yabon ba.

A wajen farcen kam, ban ga abin a zo a gani ba. Launin ya ɗan washe, amma kaurin yana nan bayan wata biyar, domin farce yana da tauri, man ba ya ratsa shi ya kai ga ƙwayar da ke ƙarƙashi. Wannan ya yi daidai da wani gwaji na shekarar 1994 a kan mutum 117, inda bayan wata shida kashi 18 cikin ɗari kawai na masu shafa man suka rabu da ƙwayar.

Daga ƙarshe likitan fata ya kankare farcen aka gwada, ya duba lafiyar hantata, sannan ya ɗora ni kan ƙwayar maganin sha mai suna terbinafine ta mako 12. Yanzu sabon farce mai tsabta yana fitowa daga tushe, ya ce sai kusan shekara kafin ya cika. Ragowar man na ajiye shi a durowa mai makulli, saboda haske yana ɓata shi, kuma guba ne idan yaro ya sha.