Second Life ga sabon shiga: a gyara saiti kafin a fara yawo

Cikin duniyoyin intanet da mutum ke shiga da surar da ya zaɓa wa kansa, ya yi yawo, ya yi hira, ya yi gini, uku aka fi nuna wa sabon shiga: Roblox, VRChat da Second Life. Na yi amfani da dukansu. Roblox, wadda ta fito a 2006, ta fi sauƙin farawa kuma tana tafiya a waya, amma tarin wasanni ce, yara ne suka fi yawa a ciki. VRChat ba ta tilasta maka sayen tabarau na musamman (na VR, da ke sa ka ji kamar kana cikin wurin) ba, kwamfuta ma ta isa, sai dai hirar murya ce ƙashin bayanta, kuma in kana son ƙera naka wurin sai ka koyi Unity, wata manhajar ƙera wasanni. Ga babba mai kwamfuta da ke son koyon gini da hannunsa, Second Life nake zaɓa masa, domin a cikin duniyar kanta ake gini, kana ganin abin yana tashi a gabanka.

Kamfanin Linden Lab na San Francisco ne ya buɗe ta a 2003. Rajista kyauta ce. Sai mai shekara 16 zuwa sama, kuma 'yan 16 da 17 wuraren da aka yi wa alamar General (masu dacewa da kowa) kaɗai za su shiga. Ka zaɓi suna a tsanake, don canza shi daga baya da kuɗi ne. Manhajar shiga akwai ta kamfanin, akwai kuma Firestorm wadda 'yan sa kai suka gina. Ni Firestorm na fi so, saboda yawan abin da take bari ka daidaita. Kwamfutar da ƙwaƙwalwarta ba ta kai gigabait 8 ba za ta sha wahala.

Inda mafi yawan mutane ke karaya shi ne awar farko. Ka shiga, ka ga surarka ta zama gajimare, gine-gine duk toka-toka, ka danna gaba sai bayan daƙiƙa biyu ƙafa ta motsa. Dalilin shi ne kusan komai na duniyar masu amfani ne suka ƙera shi, ba a kwamfutarka yake ba. Duk inda ka juya, a lokacin ake sauko da hotunansa ta intanet. Kowane yanki mita 256 ne tsawo da faɗi, don haka in an bar nisan gani a mita 256, ka umarci kwamfutarka ta ɗauko unguwa guda har da maƙwabta. Danna Ctrl+P, ka shiga Graphics, ka rage nisan ganin zuwa mita 64 ko 96. Kashe inuwa. Sannan ka sa iyaka ga nauyin surar mutane: wanda ya lafta gashi da sarƙoƙi masu nauyi zai bayyana maka a sauƙaƙe, kwamfutarka ta huta. A wurin taro, mutane ne ke kawo nauyin, sun fi ginin kansa. Ctrl+Shift+1 zai nuna maka hotuna nawa ake zanawa a daƙiƙa. In ya faɗi ƙasa da 15, ka ƙara ragewa.

Mai sayen data da kuɗinsa ya kula da abu biyu. Ya hana kiɗa da bidiyon wurare kunna kansu. Kuma kada ya bi shawarar nan ta goge ma'ajiyar wucin gadi (cache) duk lokacin da abu ya tsaya, domin a nan ake ajiye hotunan da aka riga aka sauko da su. Goge su na nufin sake biyan kuɗin data a kan abin da ka riga ka samu. Ƙara mata girma ya fi.

Tufafi su ne tarko na biyu. In ka danna kaya a jakarka (Inventory, inda ake ajiye kayanka), za ka ga Wear da Add. Wear na cire abin da ke maƙale a wannan gurbin ya maye gurbinsa, shi ya sa mutum zai sa takalmi ya ga riga ko ma jikinsa ya ɓace. Add za ka riƙa dannawa. Kayan da aka ba ka a cikin akwati kuwa, in ka sa shi haka nan za ka tsinci akwatin manne a hannunka. Ka je filin gwaji (sandbox, wurin da aka bar wa kowa ya gwada gini), ka ja shi zuwa ƙasa, ka buɗe, ka kwafe abin ciki zuwa jaka. Kuma kowace riga ana ɗinka ta ne don wani jiki takamaimai, in bai dace da naka ba sai fata ta riƙa leƙowa ta cikin yadi. Surorin Senra da ke jakar kowa kyauta ne, sun isa mako na farko. Kada ka sayi komai sai ka gwada samfurin gwajinsa.

Kuɗin ciki shi ne dalar Linden, kusan 250 a kan dalar Amurka ɗaya. Ɗora hoto na yau da kullum Linden 10 ne. Ban ga dalilin da sabon shiga zai sayi fili ba, don bayan kuɗin saye akwai na riƙewa da ake biya a kai a kai. Filin gwaji kyauta ne. Danna Ctrl+B, ka taɓa ƙasa, murabba'in katako mai rabin mita zai fito. Ja shi, yanka shi, huda shi, ka haɗa guda da yawa da Ctrl+L. Teburi mai ƙafa huɗu aikin minti goma ne. Ka tuna ka ɗauke aikinka da Take kafin ka tafi, saboda filayen gwaji na share abin da aka bari bayan 'yan awanni. A cikin duniyar, wani wuri mai suna Ivory Tower Library of Primitives na koyar da wannan mataki-mataki, wani kuma mai suna Builders Brewery na yin azuzuwa kyauta.

Akwai wuraren batsa da yawa a duniyar nan, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ka bar saitinka a General, ba za a kai ka can ba. Kada ka karɓi kaya daga wanda ba ka sani ba, kuma duk akwatin gargaɗi da ya nemi izinin ɗibar kuɗi daga asusunka, ka ƙi. Azuzuwa da taruka da Turanci ake yawancinsu, kuma da agogon Kalifoniya ake sanar da su: Najeriya da Nijar na gaba da awa 8 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa 9 a sauran watanni. Ajin ƙarfe 12 na rana a can, ƙarfe 8 ko 9 na dare ne a Kano.